Ɗakin Inna a Gindin Dala

Gidanmu a gindin Dala yake, kuma ɗakin Inna, mahaifiyarmu, shi ne na ƙurya, bayansa jingine da gangaren jar ƙasa. A nan ta haife mu duka, a nan kuma jikokinta ke kwana, don ba sa yarda da shimfiɗar kowa sai tata.

Shekarar da autarmu ta gama karatun injiniya, ta dawo gida ana tsakiyar damina. Ko mayafi ba ta ajiye ba ta zagaya bayan ɗakin, ta dawo da laka har ƙauri. Ta ce ƙasar ta ƙoshi da ruwa, ta fara tsagewa daga sama, tana iya zamewa ta danne ɗakin. Gara Inna ta koma ɗakin gaba kafin a yi gyara.

"Za ta zame ko ba za ta zame ba?" in ji Inna.

"Inna, ba mai iya yanke wannan. Yiwuwar abin muke aunawa."

"Wato duk shekarun nan watakila kika je karantowa?"

Na yi dariya har na ƙware. Ni tela ne, a wurina riga ko ta shiga ko ba ta shiga ba, don haka bayan Inna na bi. Auta ta harare ni, ta shiga madafi ta fito da ƙwarya cike da farin wake, ta watsa 'yan jajaye a ciki ta gauraya.

"Kowace damina kamar ki rufe ido ki ɗauki ƙwaya ɗaya ne. In fari ne, an wuce lafiya; in ja ne, ƙasar ta zame. In ruwa ya yi yawa, ko aka ƙara haƙar ƙasa a gindin gangaren, jajayen sun ƙaru."

Inna ta rufe ido ta ɗauka. Fari. Ta sake, fari. Sai ta rangaɗa guɗa, jikoki suka yo kanta kowa na ihun a ba shi ya gwada. Ƙaramar 'yata ta riga kowa, ta runtse ido ta miƙa hannu. Caraf Inna ta riƙe hannun.

"Ke kam ba za ki ɗauka ba."

Ta daɗe tana kallon yarinyar, sannan ta ɗago ta dube ni. "Kai mai dariya, tashi ka kama gadon nan."

Ban taɓa jin daɗin ɗaukar kaya irin na ranar ba. Yara na jidar kwanuka suna waƙa, Inna na faɗan kada a fasa mata madubi.

Da rani muka gina katangar dutse a bayan ɗakin, da ƙananan bututu don ruwa ya samu hanyar fita, Auta na tsaye a kan magina. Ƙasar ba ta zame ba, ba kuma wanda ya san ko da za ta zame. Amma duk baƙuwar da ta shigo, sai Inna ta ja ta bayan ɗaki ta dafa katangar.

"Aikin 'yata ne. Taɓa ki ji."