Mai Koren Mayafi

Duk garin ba mai kiransa da sunan yanka. Kar-a-Motsa ake ce masa, don da wannan maganar yake daka wa mutane tsawa tun ranar da ya fara rataya kyamara a wuya. Shagonsa na tsakanin na tela da na mai gyaran waya: ɗaki ɗaya, labule mai zanen teku, kujerar roba da aka ɗaure ƙafarta da igiya, sai hotunan mutanen da rabinsu sun riga mu gidan gaskiya.

Ya iya aiki, wannan ko maƙiyinsa ya sani. Amma yana da wani hali. Da zarar ya kanga ido a kyamara, ya daina ganin fuska, tsawo kawai yake gani da launin tufafi. "Mai jar hula, koma baya! Mai farar riga, durƙusa!" Shugaban makaranta ma ya taɓa zama "mai tumbin nan na tsakiya". Fuskoki sai daga baya yake duba su, in ya zauna gaban kwamfuta.

A hutun ƙarshen shekara garin yake cika. 'Yan birni su dawo da motoci da yaran da ba su iya gaisuwa ba, kowa ya kwaso hidimarsa ya jibge a ƙarshen mako ɗaya. A wannan shekarar akwai biki biyu, da taron tsofaffin ɗalibai, da wasan ƙwallo, da buɗe sabon kantin magani. Ga kuma Auta, 'yarsa, da aure ya kai ta nesa, ta yi shekaru ba ta zo ba. Za ta kawo ɗanta, wanda Kar-a-Motsa bai taɓa gani ba sai a waya. Kwana ɗaya za ta yi, don Litinin tana da aiki.

"Malam, yarinyar nan saboda kai za ta sha wannan doguwar hanya," in ji matarsa ranar Asabar da safe, tana miƙa masa jaka. "Don Allah ka shigo da wuri."

"Haba, ni da jikana? Kafin magariba ina gida."

Magariba ta same shi yana jera 'yan ƙwallo. Wayarsa na can ƙasan jaka tana ta ruri, ba wanda ya ji. Da ya koma shago don ya sa batura a caji, sai ya ce bari ya ɗan kishingiɗa, bai farka ba sai da dangin ango suka buga masa ƙofa da safe. Ya ce a ransa, in an gama wannan sai gida.

Bikin Lahadi a filin makaranta aka yi shi. Rana ta take, lasifika na kuwwa, dangin amarya sun fi ƙarfin rumfa. Ya sha wuya kafin ya jera su, dogaye a baya, tsofaffi a kujera, yara a ƙasa. Yana shirin dannawa sai ga wata ta ratso ta gefe, riƙe da hannun yaro, ta nufo shi kai tsaye.

"Ke mai koren mayafi!" ya daka tsawa, idonsa na cikin kyamara. "Ba ki da ido ne? Kwashe yaron nan ki matsa gefe, kin tare min mutane! Wasu dai ba a gayyace su ba, sai shisshigi."

Ta tsaya cak. Sannan ta ja yaron ta koma gefe. Wuri ya yi tsit, har mai lasifika ya rage sauti. Kar-a-Motsa ya ji daɗin wannan shirun ƙwarai, ya ɗauka yau dai an ji tsoronsa.

"Yawwa. Kar a motsa!"

Daga nan aka ja shi kantin magani, daga can zauren tsofaffin ɗalibai. Ya lura mutane na amsa gaisuwarsa a daƙile, ya ce gajiya ce. Da la'asar sakaliya ya biya shago don ya juye hotuna, ya tarar da tela a bakin ƙofa yana kallonsa kamar bai taɓa ganinsa ba.

"Lafiya, maƙwabci?"

"Ka duba hoton dangin amarya tukuna," in ji tela, ya shige shagonsa.

Ya buɗe hoton, yana zaton haske ne ya ɓaci. Haske lafiya lau. Amma cikin dangin amarya ba wanda ke kallon kyamara. Amarya ta dafe baki, tsofaffi sun saki baki, kowa ya juya yana kallon gefen hagu. Ya bi idanunsu. Can a bakin hoton ga rabin fuska cikin koren mayafi. Ya ƙara girmanta. Ga tabon nan a gira, na ranar da Auta ta faɗo daga kan wannan kujerar roba tana ƙarama.

Salati ya kufce masa. Bai ko rufe shago ba, ya fita a guje da takalmi ɗaya.

Ya tarar da matarsa tana naɗe tabarma a tsakar gida. Ga kwanon abincinsa a rufe tun jiya, ga wata 'yar motar wasa a gindin randa.

"Ina suke?"

"Sun tafi. Motar yamma ba ta jiran kowa." Ba ta ɗago ba. "Cewa ta yi tunda Baba bai samu zuwa ba, bari ta kai masa yaron har wurin aiki. Tana dawowa ta hau haɗa kaya. Yaron ne ma yake ta tambaya, wai wane ne mutumin nan mai faɗa."

Ya zaro wayarsa ya kira Auta. Ta yi ta ringi har ta katse.

Ya koma shago, ya zauna gaban hoton. Sai yanzu ya duba ƙasa, kusa da koren mayafin. Yaron na tsaye ƙyam, hannuwa a manne da jiki, ido cikin kyamara, hawaye ya cika su taf. Duk taron nan shi kaɗai ne bai motsa ba.