Gadon da Ya Ƙi Shiga Ɗaki

Babana kafinta ne a Kankia, gadajen amare na masu hali yake yi. Da na gama makaranta sai na fara zana mishi su a kwamfuta kafin a taɓa katako: launin fenti, ƙyallin madubi, har inuwar labule. Mai saye ya gani, ya ce a rage nan a ƙara can, sannan a sa zarto.

Akwai wani da Baba ya koya wa aiki tun bai iya riƙon guduma ba. Ya buɗe shago a Kusada, muka yi mishi fatan alheri. Ashe ɗan banzan hotunan da nake sawa a waya don talla yake kwashewa, yana nunawa da sunan aikinshi, har yana cewa hannun tsoho ya fara rawa. Masu sayenmu suka zare jiki suka koma can. Baba ya ce a bar shi da Allah. Ni kam zuciyata ba irin ta Baba ba ce.

Na zauna na zana gadon da ban taɓa zana irinshi ba. Allon kai guda, babu mahaɗi, da ado ruwan zinare, ya fi katifa faɗi nesa ba kusa ba. Na girke shi a ɗakin da babu shi a duniya, na ɗaga rufi, na faɗaɗa ƙofa, yadda ido zai ga komai daidai. A kwamfuta ai ƙofa ba ta gardama. Na sa hoton a waya na yi shiru.

Kwaɗayi mabuɗin wahala. Mutumin ya kwafa, ya yi wa 'yar wani ɗan kasuwar hatsi a Mawashi. Ranar jere aka juya allon nan a tsaye, a kwance, a karkace, ya ƙi shiga. Guɗar mata ta koma shewa. Uban amarya ya aiko a kira Baba.

Na ce kada ya je. Ya ɗauki zarto ya ce, "Gadon yarinya ne, ba nashi ba." Na bi shi a acaɓa, ba don in taimaka ba, so nake in ga idon mutumin.

Na kuwa gani, kuma wallahi na ji sanyi a raina. Baba na raba allon biyu don ya yi mahaɗi, mutumin yana durƙushe yana riƙe mishi katako, gumi na ɗiga, kamar ranar da aka kawo shi koyo. Ya ɗago muka haɗa ido.

Na ce, "Riƙe da kyau. Hannun tsoho rawa yake yi."