Masarar da Baba Ya Ajiye Mini

A lokacin ina da shekara ashirin da shida, na gama kwalejin horon malamai, ba aikin yi sai zaman benci a ƙauyenmu da ke ƙasar Doguwa. Gidanmu Kiristoci ne, manoman masara kaka da kakanni, kuma ni kaɗai na yi boko mai nisa, don haka kaina ya kumbura. Da aka sanar a coci ana neman masu sa kai su je Nijar su koyar da Turanci na wata uku a hutun damina, ni na fara ɗaga hannu. Gaskiya ba don Allah na ɗaga ba. So nake a ce ɗan wane ya fita ƙasar waje.

Baba bai hana ni ba, duk da tarin da yake fama da shi tun bazara. Cewa kawai ya yi in dawo kafin sabuwar masara ta nuna, don al'adarsa ce duk shekara ya karyo ta farko da hannunsa, ya gasa, ya miƙa wa babban ɗansa kafin kowa ya taɓa. Na yi dariya, na ce masa ai masara ba ta gudu.

Wani gari aka kai ni can gaba da Damagaram. Ajina rumfar zana ce a bayan coci, manya da yara suna ta girmama ni, ni kuma ina ta hura hanci. Duk sanda na kira gida Inna takan ce jiki da sauƙi, ban taɓa tonawa ba. Ana saura kwana huɗu bikin rufe karatu sai ƙanin Baba ya kira ni. Baffa mutum ne da ba ya kiran yaro a waya, sai dai a kira shi. Ya gaishe ni a tsanake, ya tambayi aiki, sannan ya ce babana yana son ganina, idan da hali in taso gobe. Na san abin da yake nufi. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san manya ba sa faɗa wa matafiyi magana kai tsaye. Amma a ranar bikin ne za a kira sunana a ba ni takardar yabo. Na ce masa to, na ajiye waya, na yi zamana.

Da na taso washegarin biki sai hanya ta ƙi. Ruwa ya cinye wata gada, muka yini a bakin rafi. A wani shingen jami'an tsaro aka sauke ni don ba ni da katin rigakafi. Da za mu je a motar coci muka wuce ba wanda ya tambaya, ni kuma na ɗauka tunda Hausa ake yi can da nan, baki ya isa. Mota ta tafi ta bar ni, waya ba caji. Tafiyar yini guda ta ci kwana uku, ƙarshe a saman buhunan albasa na shigo Kano.

A Kwanar Dangora ina neman motar Doguwa sai na haɗu da wani direba maƙwabcinmu, Musulmi, wanda ba ya ganina bai tsokane ni ba. Ranar sai ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce ya haƙuri. Da ya ga fuskata ya gane ban sani ba, ya sunkuyar da kai. Shekaranjiya aka binne Baba. Ya rasu ne a ranar da ake tafa mini. Ban yi kuka ba. Muka wuce Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, abin da kawai nake tunani shi ne igiyar takalmina da ta tsinke.

A gida masu gaisuwa suna yi ina amsawa kamar mai biya karatu. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Da mutane suka ragu ta ɗauko wani ƙulli a tsohon ɗankwali ta ajiye a gabana. Gasasshiyar masara ce guda ɗaya, ta bushe ƙamas. Ta ce ranar da Baffa ya kira ni, Baba ya sa aka riƙe shi har gonar bayan gida, ya karyo, ya gasa, ya hana ƙannena taɓawa, ya ce gobe mai ita zai zo.

Shekara biyu ke nan, har yau hawayen bai zo ba. Ina ci, ina barci, ina noma gonar, amma ba na jin komai. Ba na ganin laifin cocin, ba na ganin laifin hanya, kwana huɗun nan ni na ƙara da kaina. Masu shirin tafiya, ku nemi takardunku tun a gida. Kuma idan babban da bai saba kiranka ba ya kira ya ce ana son ganinka, kada ka jira komai, ka ɗauki takalminka. Takardar yabon tana ƙasan akwatina tare da masarar. Da Faransanci aka rubuta ta, ban ma san abin da ta ce ba.