Jirgin Baba Mara Inji

Shekara talatin da ɗaya Baba yana jan tankar mai, har abokan aikinsa suna ce masa Ba-Tsayawa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne ya tsayar da shi. Ya warke, in ji shi, kamfani kuma suka ce ya zo ƙarshen wata likitansu ya duba ko zai koma kan titi. Hankalinmu bai kwanta ba, amma wa ya isa ya tare shi da maganar?

Mijina ne ya haɗa masa kwamfuta mai wasan tuƙa jirgin sama a ɗakin guga, da sandar tuƙi da abin takawa guda biyu, wai ya riƙa motsa jiki. Duk jiragen da ke ciki Baba bai ga na zaɓa ba sai mara inji, wanda wani jirgi ke ja sama ya saki. Daga nan kai da dabararka: ka nemo iska mai ɗumi da ke hawa, ka yi ta zagaye a cikinta har ta ɗaga ka, sannan ka miƙa.

Mai hali ba ya fasa halinsa. Da Baba ya ga ƙasa na matsowa, sai ƙafar dama ta danna tana neman totur. Abin takawar kuwa na juya hancin jirgi ne, sai ya karkace ya faɗa cikin shuka.

"Yau kuma gonar wa ka shiga?" Mama kan tambaya daga bakin ƙofa.

Bai taɓa dariya ba. Ya ɗora wa kansa sharaɗi: sai ya yi kilomita ɗari uku ya sauka lafiya zai je wurin likitan.

Ranar da ya gwada da gaske ina bayansa ina ninke kaya. Ya fi awa biyu yana tafiya, ƙafar ma ta ji magana. Sai na ga kansa ya langaɓe, hannunsa ya zame daga sandar. Jirgin ya ci gaba da tafiyarsa sumul. Na ƙirga daƙiƙa sha ɗaya kafin ya zabura ya cafke sandar. Tsoro ya kama ni, kuma na ji kunyar kaina, domin shiru na yi.

Ya sauka lafiya. Mama ta tafa masa, ta tafi dafa shayi.

"Ke, turo ƙofar," ya ce. "Akwai wata gada a gabana, sai kawai na gan ta a bayana. Daƙiƙa nawa na ɗauke?"

"Sha ɗaya, Baba."

Ya motsa leɓe yana lissafi irin nasu na direbobi.

"A kan titi sama da mita ɗari biyu ke nan, da tanka cike da fetur." Ya daɗe yana kallon hannunsa. "Kira min kamfanin. Ke za ki faɗa musu na ajiye tuƙi, ni bakina ba zai iya ba."