Yari Tela da Abin Cikin Rijiya

Duk wanda ya yi samartaka a Bungudu a shekarun da naira ta fito ya san rumfar Yari tela. Ba ɗinkinsa ne ya yi masa suna ba, don Yari in ya ɗinka maka wando sai ka yi bismilla kafin ka zauna. Bakinsa ne ya tara masa jama'a.

Siririn mutum ne, yana ɗingishi tun shan innar da ta taɓa shi yana ƙarami, ga kunya kamar sabon suruki. A taron suna ko ɗaurin aure ba mai jin muryarsa. Amma duk ƙarshen mako yakan hau mota zuwa Gusau sayen zare da yadi, ya shiga silima, ya kwana gidan yayansa, washegari ya dawo da fim guda cur a cikin kansa. Bayan la'asar samari su cika rumfa, 'yan mata kuma su ajiye tallarsu a gefe wai suna jiran ciniki. Ba ya jin Turanci, ba ya jin Indiyanci, amma haka zai sa 'yan fim su yi ta zuba zance da Hausar Zamfara, har da habaici. A wannan lokacin kaɗai Yari yake manta ƙafarsa, kuma yana son rumfar nan fiye da yadda zai iya faɗa.

Rannan da damina aka kawo fim na ban tsoro. Wasu 'yan makaranta ne Turawa, maza da mata, suka je hutu wani tsohon gida mai rijiya a bayansa. Duk wanda ya leƙa rijiyar, wani abu ya miƙo hannu ya ja shi. An cinye su ɗaya bayan ɗaya, saura wata yarinya mai jan gashi, ta ɗauki fitila ta nufi bakin rijiya. Daidai nan sama ta ɓalle da ruwa a Gusau. Silimar kuwa ba ta da rufi. Aka kashe inji, kowa ya kama gabansa, da safe kuma aka ɗora gwangwanayen fim a jirgin ƙasa suka koma inda suka fito.

Mai hankali da ya yi shiru da bakinsa. Ina! Labarin ya yi wa Yari daɗi, ya zauna ya feɗe shi har da kukan guga a jikin igiya. Da ya kai inda yarinya ta leƙa, sai ya tsaya.

"Sai mi?" in ji Ma'u, 'yar mai ƙosai, idanunta waje.

"Sai ruwa ya sauko," in ji Yari. "Ban ga ƙarshe ba."

Washegari ba yarinyar da ta yarda ta je rijiyar unguwa. Samarin ma da ke cika baki sai suka riƙa zagaye ta can nesa, wai akwai caɓi. Iyaye mata suka koma ɗibar ruwa da kansu, suna jan guga suna tsine wa silima da mai zuwa silima. Da abin ya ishe su sai suka turo Inna Rakiya, tsohuwar da rabin unguwar suka tashi da tatsuniyarta.

"Yari," ta ce, "tun da nike ban taɓa sakin dodo in tahi in kwanta ba. Wanda yak kwance shi, shi ka ɗaure shi. Mai unguwa ya ce in ba ka gyara ba kahin Juma'a, wagga rumfa ta ɗinki ce kaɗai, ba ta labari ba."

Yari ya shiga cigiyar wanda ya ga ƙarshen fim ɗin. Ya ji an ce wani direba a Tsafe, Sule, ya ga fim ɗin a Zariya har ƙarshe. Ya rufe keken ɗinki, ya bi mota ta Gusau har Tsafe, ya iske Sule a tasha yana cin tuwo.

"Wanga fim?" Sule ya suɗe hannu. "Ai mai jan gashin ma an ja ta. Sai anka nuna wasu sababbin yara sun sauka gidan da jakunkuna nasu, ga hannu yana hitowa daga rijiya. Shi ke nan, anka kunna wuta."

"Ba wanda yak kashe abin?"

"Wa zai kashe shi? Yana nan."

Yari ya kamo hanyar gida yana tunani. Wane irin mutane ne za su tara jama'a, su tsorata su, sannan su sallame su da dodo a sake? In ya kai wannan ƙarshen Bungudu, har kogi sai an daina zuwa. In kuma ya ƙirƙiro nasa da fatar baki, Ma'u za ta gano shi, don yarinyar nan ba ta da dama.

Ranar Alhamis da la'asar ya aika a ce kowa ya same shi a bakin rijiya. Aka taru, amma nesa-nesa. Ya ɗora daga inda ya tsaya. Ya ce yarinyar nan mai jan gashi ta tuna maganar kakarta, cewa abin da ke ɓoye a duhu ba ya jure a zo masa gida da rana tsaka. Sai ta ɗaura igiya a ƙugu. Yana faɗa yana ɗaura igiya a nasa ƙugun, ya miƙa wa ƙarti biyu ɗaya bakin. Sai ta zura ƙafa. Ya zura tasa, mai ɗingishin.

Mata suka ɗauki salati. Yari na sauka yana ci gaba da labari, muryarsa na tasowa daga ƙasa tana amsa kuwwa. Abin da ba su sani ba, duk addu'ar da ya haddace tun makarantar allo sai da ya karanta ta a zuci. Can sai aka ji shiru. Shirun ya yi tsawo har wani ya fara kuka. Sannan igiya ta motsa, aka ja, sai ga Yari jiƙe sharkaf, ya rataya tsofaffin guga uku a wuya, ga wani ƙaton kwaɗo a hannunsa yana harbin iska.

"Ga shi nan," ya ce yana haki. "Da ta kamo shi ta hito da shi sarari, iyakar girmanai ke nan."

Wuri ya kaure da dariya. Wata ta gane gugarta da ta faɗa tun bara, ta fizge abarta. Ma'u ce ta fara zura guga, wai ita dama can ba tsoro take ji ba. Inna Rakiya ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "To, yanzu ka zama mai labari."

Rumfa ta ci gaba da cika har lokacin da talabijin ya shigo gari. Yari ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ɗinkinsa dai bai gyaru ba. Bai taɓa gaya wa kowa abin da Sule ya faɗa masa ba. Yara na wasa a bakin rijiyar nan, suna leƙawa suna kiran sunayensu don su ji amsa. Shi kuwa har ya tsufa, in hanya ta biyo da shi ta wurin, sai ya tsallaka ɗaya gefen ya ƙara sauri, don duk Bungudu shi kaɗai ya san abin yana nan.