Ƙullin Tokie

Shekara talatin Urabe Tokie ta yi tana ɗinkin koma a wani garin masunta a kudancin Japan. Da kifi ya ja baya, ta samu aikin shara a ɗakin gwaje-gwaje na wata jami'a. A nan Farfesa Kuroiwa ya gan ta tana ɗaure bakin buhu da hannu ɗaya.

Lokacin suna haɗa wani ƙaramin tauraron ɗan'adam na gwaji, bai fi akwatin abincin rana ba. Eriyarsa naɗe take a jikinsa, an ɗaure ta da zaren fatsa. In ya isa sama, wata 'yar waya za ta yi zafi ta ƙone zaren, eriyar ta miƙe, ya fara aiko da saƙo. Duk ƙullin da injiniyoyi suka yi, injin girgiza da ake gwada ƙarfinsa da shi sai ya kwance shi. Da Farfesa ya sa Tokie ta gwada, nata ne kaɗai ya tsaya.

Ranar ɗaurin ƙarshe ta ƙara ƙulli na biyu a kan na farko, yadda mahaifiyarta ta koya mata. Ba ta gaya wa kowa ba.

Aka harba shi a watan Afrilu. Kullum da hantsi yakan ratsa saman garin na minti tara. A taru gaban rediyo, ba abin da ake ji sai shuu.

"Ke tsohuwa, har yau kifin naki bai ci ba?" in ji mijinta Genzo da ta koma gida.

"Ci shinkafarka, kai da ko igiyar takalmi ba ka iya ɗaurewa."

A kwana na arba'in ta tari Farfesa a bakin ƙofa.

"Malam, ƙulli biyu na yi."

Ya daɗe yana goge tabarau. "Ƙila batir ne, Tokie. Ƙila wayar ce. Ƙila ƙullin. Wa zai hau ya dubo?"

"To a ce masa ya sake ƙonawa mana!"

"Ai da eriyar yake ji."

Tun daga ranar, in ta koma gida sai ta yi ƙulli biyu ta kanga masa waya mai zafi. A cikin goma, tara su tsinke, ɗaya ya ƙi.

Bayan wata goma sha huɗu tauraron ya faɗo, ya ƙone ƙurmus tun a sama, har da zaren. Washegari da hantsi ta jingine tsintsiya, ta tsaya gaban rediyon da aka riga aka kashe, har minti tara suka cika.