Irin da Ya Tsiro Cikin Rumbu

Ni dai duk ranar da aka karanta labarin Isra'ilawa a majami'a, na ga mutane suna girgiza kai suna cewa, "Kai, waɗannan mutane akwai taurin kai," sai in ji raina ya ɓaci. Mu wa muka fi? Na ga abin da muka yi da hannunmu a ƙauyenmu, can kan hanyar Attantane, kuma har yau abin bai bar ci mini rai ba.

Majami'armu ƙarama ce, 'yan gidaje ne kawai a tsakiyar dangi da maƙwabta Musulmi. Fasto daga Mayahi yake zuwa bisa moto, wato babur, sau ɗaya a wata. In ba ya nan, dattawa uku ke riƙe da komai, maigidana na cikinsu. Babbansu tsohon mushe ne, wato malamin makaranta, da ya koyar a lakwal har ya ajiye aiki. Shi ke wa'azi, shi ke da ta cewa a kan rumbu. Baba muke ce masa.

Rumbun yana bayan majami'a, na kara ne, da jinkarsa. Kowace kaka, kowane gida ya cire dami ɗaya cikin goma ya kai can. Tun muna yara aka ce mana hatsin Ubangiji ne, na ranar wahala.

To, ranar wahala ta zo. Damina ta yi mana wasa a shekarar. Ruwan farko ya sauka muka shuka, iska ta taso da rairayi ta binne tsiron. Muka sake, rana ta ƙone shi. Sai wata Jumma'a aka kwarara ruwa na gaske, kowa ya san wannan ce shukar ƙarshe. A jigawarmu danshi kwana uku yake yi, in ya yi yawa huɗu. Wanda bai jefa iri a cikinsu ba, shekararsa ta wuce.

Akwai wata gwauruwa cikinmu, ta girme ni, Yaya nake ce mata. Mijinta ya rasu da ranin da ya wuce, ya bar ta da ɗiya mata uku. Gonar da take nomawa tana daf da majami'a, ta dangin mijin ce, sun bar mata muddin tana iya aikinta. Wan mijin ya riga ya gaya mata a fili: in ba ta shuka bana ba, shi zai shuka, don ba a barin ƙasa kwance. Kowa kuwa ya san wanda ya shuka gona ya zuba mata taki ba ya fita cikinta.

Ran Asabar ta shigo gidana, ta zauna bakin murhu.

"Uwar biyu," ta ce mini, don tagwaye gare ni, "iri ya ƙare. Shuka biyu ta cinye. Tiya biyar ta ishe ni."

Na ce, "Yaya, kwantar da hankalinki. Ga rumbu cike bayan majami'a. Gobe a buɗe miki, jibi ki shuka."

Da bakina na faɗa, da ƙarfina kuwa.

Lahadi Baba ya hau ya karanta mana yadda Allah ya ciyar da Isra'ilawa a jeji da manna, abincin da ke sauka kowace safiya. An ce kowa ya ɗebi na yini guda, wasu suka ƙi yarda, suka ɓoye don gobe, gari ya waye ya yi tsutsa yana wari. Baba ya iya wa'azi, ba zan hana masa wannan ba. Ya cire tabarau, ya nuna mu da shi, ya ce mai ɓoyo bai gaskata Allah ba. Muka amsa da amin har ƙura na zubowa daga rufi. Na juya na dubi Yaya, na yi mata murmushi. Na ce a raina, yau ko roƙo ba sai mun yi ba.

Da aka tashi, dattawan suka zauna gindin itacen bedi kamar kullum. Yaya ta tuɓe takalmi, ta durƙusa, ta gaishe su, ta faɗi buƙatarta. Ina tsaye bayanta.

Baba ya yi gyaran murya. Ya ce ai ta san an tsai da ranar buɗe sabon ginin majami'a bayan noman biyu. Baƙi za su zo daga Mayahi, daga Tasawa, har daga Maraɗi. Hatsin nan na tuwonsu ne. Ya ce kuma ba a taɓa rumbu sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa ba ya zama sai fasto na nan, fasto kuma sai nan da mako biyu.

Mako biyu! Ƙasar da ke bushewa jibi!

Na ce, "Baba, tiya biyar ce fa. Ko dami guda ba ta kai ba. Ga talho a aljihunka, a kira fasto mana."

Ya ce, "Madam, in muka buɗe wa mutum ɗaya yau, gobe gari duka na bakin rumbu."

Na ce, "To su zo mana! Don wa aka tara shi? Yanzu-yanzu ka gama gaya mana abin da ya sami masu ɓoyo, ko ruwa ba ka sha ba!"

Maigidana ya ce, "Ke, ya isa."

Sai Baba ya mai da tabaransa, ya dube ni a natse, ya ce in tuna Isra'ilawa ba ɓoyo kaɗai suka yi ba, sun kuma yi wa shugabanninsu gunaguni, kuma na san ƙarshen masu gunaguni. Ku ji fa! Labari guda, ya ɗauki gefen da ya dace da shi ya doke ni da shi, ya ajiye gefen da ya shafe shi. Yaya ce ta miƙe ta kama mini zane ta ce, "Bari, ƙanwata. Na gode, Baba." Ta gode! Wannan godiyar ta fi zagi ƙona ni.

A gida na sauke wa maigidana kwandon faɗa. Ya ce shi ƙarami ne cikin ukun, ba zai tsallake Baba ba. Na ce masa abubuwan da ba zan rubuta a nan ba.

Amma tunda na fara faɗin gaskiya, bari in ƙarasa. Ina da tiya uku na iri cikin wani tulu a ƙarƙashin gado. Mun gama shukarmu tun Asabar, wannan na ajiye ne don ko ta uku ma ta mutu. Ran Litinin da safe na jawo tulun, na zura hannu ciki, na tuna tagwayena, na mai da shi. Ni da na cika gindin bedi da hayaniya. Tiya uku da ta rufe mata fiye da rabin gona, wan mijin kuwa da bai shiga gonar da aka riga aka shuka ba.

Wan mijin ya jira ta har la'asar ɗin Litinin. Talata da sassafe na ji ƙarar sungumi, na leƙa, ga shi da 'ya'yansa suna sara suna jefa iri. Shi ma na yi masa nasa fushin, amma shi dai bai tsaya gabanmu ya karanta mana komai ba.

Ruwa ya zauna daga nan, damina ta yi kyau. Yaya ta koma yi wa mutane noma ana ba ta abin tuwo. Ba ta fasa zuwa sujada ba ko sau ɗaya, ni ce na koma zama nesa da ita don kunya.

Saura kwana huɗu buki aka kira mu mata mu zo da turame mu sussuka. Maigidana ya hau ya ɗaga jinka. Warin ne ya fara isowa, har wata ta toshe hanci da gyale. Ashe iskar farkon damina ta karkatar da jinkar ta baya, inda ba a gani, ruwa yana ta shiga. Gara kuma ta hau ta ƙasa. Maigidana ya jawo dami, ya wargaje a hannunsa, baƙi ƙirin. Na saman kuwa sun tsiro. Zangarniya duk ta fitar da tsiro fari sol, siriri, ya sarƙe da juna. Iri ne mai kyau, lafiyayye, danshi kawai yake jira.

Baba ya zagaya rumbun sau biyu yana tsaki, ya ce laifin wanda ya yi jinkar ne. Daga nan ya ce a kwashe ƙazantar nan kafin baƙi su zo, a kai gona mafi kusa, ai taki ne, kada a yi asararsa.

Gona mafi kusa ita ce ta Yaya ta da. Hatsin wan mijinta ya kai ƙirji, kore shar.

Muka jera da kwanoni bisa kai. Yaya na gabana. Na ce ta ajiye, ta koma gida, mu za mu yi. Ba ta ko juyo ba. Ta shiga cikin kunyoyin hatsin kamar mai shiga ɗakinta, ta wuce tsakiya, ta nufi wani wuri can gefen gabas inda hatsin ya yi gajere ya yi ja, ta juye kwanonta a nan, ta baza da ƙafa.

"Ku kawo nan, uwar biyu," ta ce. "Nan ne ƙasar ba ta da ƙarfi. Shi bai san gonar ba tukuna."